Tsakuwar Huraira

Rana ta take tsaka, ko tsuntsu ba ya motsi a Gyadi-Gyadi, lokacin da Huraira ta ji takun ƙafafu masu yawa sun tsaya a ƙofar gidansu. Ba wanda ya yi sallama.

Ta ajiye littafin lissafinta ta leƙa ta jikin zana. Mata ne sun kai ashirin, kowace ta ja mayafi ta lulluɓe goyonta. A gabansu Inna Yalwa ce, mahaifiyar Maje, idanunta jajir, ko takalmi babu a ƙafarta.

"Fito ki sakar min ɗa."

"Inna... me ya sami Malam Maje?"

"Ni za ki tambaya? Kwana biyu yana kiran sunanki."

Can baya wata ta tofar da yawu, ta ce ƙasa-ƙasa, "Kurwata kur. Ki ci kanki, ki sha baƙin ruwa."

Nan Huraira ta gane sunan da aka zo a laƙaba mata. Ta dafa ƙyaure.

Shekararta ashirin da huɗu, bazawara ce. Mijinta na fari ya rasu ko shekara ba su yi da aure ba, ta dawo wajen kakarta, wata tsohuwa da ta zo unguwar daga gabas, wadda ba a san danginta ba. Da aka buɗe ajin Yaƙi da Jahilci Huraira ta shiga, ta iya karatu da rubutu, amma abin bai ishe ta ba. Ungozoma take son zama irin ta asibiti, aka ce sai ta ci jarrabawar da ake yi wa manya, wadda take daidai da ta gama babbar firamare. Lissafi kuwa shi ne dodonta.

Shi ya kai ta Tarauni wajen Malama Ijeamaka, matar Anayo shugaban leburorin hanya, wadda ta taɓa koyarwa a kudu kafin aure ya kawo ta Kano. Ba wanda ya yarda ya ba Malama da ɗalibanta zaure, don haka a gindin wata tsohuwar tsamiya kusa da ramin marmara suke zama, tsakanin azahar da la'asar. Mutanen wurin ba sa bi ta nan. Sun ce tsamiyar da masu ita. Gaskiya ne wani lokaci 'ya'yanta kan zubo a kan tabarma alhali babu iska, kowa ya yi shiru, sai Malama ta share su da hannu ta ci gaba.

Su bakwai ne, maza gefe mata gefe. Dokokin Malama ba su da yawa. Kullum a yi kaɗan, kada a tara. Abin da ka karanta ka faɗe shi da baki. Abin da ka gane ka koya wa wani, a nan za ka san ko ka gane. Ta sa kowa ya tsinci tsakuwa a ramin marmara ya wanke, farare su ne gomomi, jajaye ɗai-ɗai, da su ake koyon rabawa.

Wanda aka haɗa Huraira da shi don su koya wa juna shi ne Maje, mai ja wa masu awon ƙasa sarƙa, da yake neman takarda don a ɗaga shi. Yana da saurin ninkawa, rabawa ce take ɗaure masa kai. Ita kuma akasin haka. Idan ta jera tsakuwa kashi-kashi aka sami ragowa, hannunta ɗaya riƙe da alli, ɗayan da littafi, sai ta jefa ragowar a baki don kada ta gauraya da sauran. Maje ya yi ta dariyar wannan ɗabi'a har wata huɗu. A wata na biyar ya daina dariya, ya raka ta har bakin Gyadi-Gyadi, ya ce mata yana so ya turo manyansa.

Inna Yalwa ba ta so ba. Ta ce ɗanta saurayi ba zai fara da bazawara ba, balle wadda ba a san asalin kakarta ba, balle mai zama gindin tsamiya da tsakar rana. Ga kuma Tasalla, 'yar ƙaninta, da ta girma a gidan tana jiran Maje tun ba ta iya ɗaura zani ba. Tasalla ce ta fara bin su a ɓoye. Ita ce ta laɓe bayan tarin marmara wata rana, ta ga Huraira ta sunkuya ta tofo jar tsakuwa mai sheƙi a tafin hannunta. Kowa a ƙasar nan ya san me mayya take amayarwa. Tasalla ta riƙe maganar a cikinta har ranar da zazzaɓi ya kwantar da Maje, saura kwana tara jarrabawa.

Matan da suka zo suka sa Huraira a tsakiya suka nufi gidan su Maje a Tarauni. Ba wadda ta taɓa ta. Duk inda suka ratsa sai ƙofofi su rufe, gonaki fayau babu kowa, zafin bazara yana tashi daga ƙasa kamar hayaƙi.

Ɗakin duhu ne, warin tafarnuwa da turaren magani sun cika shi. Maje yana kwance a kan tabarma, kansa ya sandare ya koma baya, idanu a buɗe ba ya ganin kowa. Leɓunansa suna motsi.

"Goma sha bakwai... a raba wa huɗu... saura ɗaya. Ɗayan yana bakin Huraira... Huraira, fito da shi..."

Matan suka ɗauki salati. Tasalla ta ce ai sun ji da kunnensu, kurwarsa ce a bakinta.

Huraira ba ta ji ta ba. Wuyan take kallo. Ta taɓa ganin wuya ya yi haka, a wani ɗaki, a wata bazarar, ta kuma ga yadda aka ƙare a kwana na huɗu. Sanƙarau ne. Ta faɗa musu, ta ce a kai shi asibitin birni yanzu, akwai allurarsa. Ta ce tsakuwar lissafi ce, a aika a tambayi Malama. Inna Yalwa ta ce ba a kai kamun maye asibiti, kuma shaidar baƙuwa ba za ta wanke ta ba. Abu ɗaya ake so, ta tsallake shi sau uku ta sake shi.

Huraira ta san abin da tsallakawar take nufi. Wadda ta tsallake ta amsa. Daga ranar ba mai cin abincinta, ba mai ba ta jariri ta riƙe, ba mai aurenta, har 'ya'yan da ba ta haifa ba sun gaji sunan. Wace mai naƙuda ce za ta kira mayya ta karɓi haihuwarta? In kuwa ta ƙi, za a ci gaba da turare har ya cika, a ce ita ta cinye shi.

Ta durƙusa a gaban tsohuwar.

"Inna, zan tsallake. Amma ki rantse min, ina gamawa za a sa shi a mota."

"Kin amsa ke nan?"

"Ki rantse, Inna."

Inna Yalwa ta dubi ɗanta, ta dubi yarinyar, ta rantse da Allah.

Huraira ta tattare zaninta. Ta tsallake na ɗaya. Ta juyo ta tsallake na biyu, hawaye na ɗiga a ƙirjinsa. Tana ɗaga ƙafa a na uku sai surutunsa ya yanke ɗif, ya ja wani dogon numfashi, idanunsa suka lumshe. Ita kanta sai da tsigar jikinta ta tashi.

Da gudu ta isa gidan Malama Ijeamaka, kanta ko ɗankwali babu. Malama ba ta tsaya dogon tambaya ba, ta aika wa Anayo, ya zo da motar ɗaukar marmara. Aka shimfiɗa Maje a baya, mahaifiyarsa ta tallafe kansa. Huraira ta tsaya a bakin hanya, ba a ce ta hau ba.

Kwanakin da suka biyo baya, ko gishiri ba a sayar musu a unguwa. Da safe sai su tarar an zuba toka da barkono a ƙofar gida. Kakarta ta daina fita. Huraira ta nannaɗe littattafanta za ta cusa a murhu, sai ga Malama ta shigo, ta karɓe su daga hannunta.

"Me kuma zan yi da takarda, Malama? Wa zai kira ni?"

"'Yar'uwa, wannan babbar tambaya ce. Me na ce a yi da babbar tambaya ranar jarrabawa?"

"A bar ta... a fara da wadda aka iya."

"To zauna. Ɗauko alli."

Kullum da la'asar Malama take zuwa da ƙafa daga Tarauni, ta zauna a tabarmarsu, ta ci tuwon tsohuwa a tsakar gida inda maƙwabta za su hango. Ita ce kuma take kawo labarin asibiti: yau ya haɗiyi ruwa, yau wuyan ya ɗan saki.

Ranar jarrabawa aka tara su a wata makaranta a birni. Mata uku ne cikin mutum sittin. Huraira ta karanta takardar tun daga sama har ƙasa kafin ta taɓa alƙalami, ta fara da masu sauƙi, duk rabawar da ta yi ta ninka ta koma baya ta ga ko ta dawo daidai. Kujerar da aka rubuta lambar Maje tana gefenta babu kowa. Sau biyu tana jin kamar an ja kujerar, ta waiwaya, ba ta ga komai ba.

Bayan kwana ashirin aka sallami Maje daga asibiti. Ya rame, kunnensa na hagu ya mutu. Gida ya rabu biyu, wasu sun ce allura ce ta tashe shi, wasu sun ce tsallakawa ce. Inna Yalwa ta hana a gaya masa abin da ya faru a ɗakin, ta ce kawai ya cire yarinyar nan daga ransa. Da ya matsa da tambaya, aka yi masa shiru. Ranar da ya iya taka ƙasa da sanda, bai zarce ko'ina ba sai Gyadi-Gyadi.

A zaure ta same shi, ta zauna nesa, kanta a ƙasa.

"Matso ta dama, sanyin idona. Wannan kunnen ya tafi."

Ba ta matsa ba. Ta ce gara ya koma, kada a gan shi a nan.

Sai ya ba ta labarin abin da ya gani yana kwance. Ya ce ya ga kansa yana tafiya zuwa tsamiyar nan da tsakar rana. Akwai mutane zaune a gindinta a jere, sun juya baya, cikinsu ya gane ƙeyar mahaifinsa da ya rasu. Sun bar masa wuri a tabarma. Har ya cire takalmi zai zauna, sai ya faɗi, wata mace ta tsallake shi. Sau uku. A na biyun ruwa ya ɗigo masa a ƙirji, mai ɗumi, ya ɗaga kai ya ga gefen zani mai ratsin shuɗi. Da ya waiga, babu kowa a gindin tsamiyar.

Huraira ta ɗago a hankali. Zanin yana cikin adakarta, ba ta sake ɗaura shi ba tun ranar.

"Wa ya gaya maka?"

"Gaya min me?"

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta matso ta damansa, ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ta ƙare da cewa ita ba mayya ba ce, amma abin da ya faru a na ukun ita ma ba ta san shi ba.

Maje ya juya sandarsa a hannu.

"Kin sayar da sunanki kin sayi raina, Huraira. To sai ki ɗauki nawa ki yi amfani da shi."

A daren bai yi gardama da kowa ba. Washegari ya tara kawunnansa, ya zube jajayen tsakuwarsa da farare a gabansu, ya raba goma sha bakwai gida huɗu, ya ɗauki ragowar ya jefa a baki ya tofo. Ya ce in wannan ce maita, to a haɗa da shi. Tasalla ta tashi ta shige ɗaki, bayan sati ta koma gidan ubanta a Darmanawa.

Sakamako ya fito da farkon damina, Huraira ta ci. Bayan sallar layya aka ɗaura aure, mutum goma sha biyu a wajen ɗaurin. Ba a yi kiɗa ba. Malama Ijeamaka ce ta raka amarya, ta riƙe mata mayafi.

Inna Yalwa ba ta leƙo ba, har kwana bakwai. Ranar na takwas da hantsi, Huraira na zaune a ƙofar ɗaki tana ɗaga murya a kunnen mijinta na dama, tana yi masa bitar rabawa don jarrabawar baɗi, sai inuwa ta faɗo a kan littafin. Tsohuwar ce tsaye, tana kallon wani wuri daban.

"Amarya, ba ni ruwa."

Maƙwabta biyu da suke shanya a tsakar gida suka daina abin da suke yi. Huraira ta ɗebo a randa, ta durƙusa ta miƙa mata kwanon. Inna Yalwa ta kalli ruwan, ta daɗe tana kallonsa. Ta yi bisimilla, ta kafa kai ta shanye tas.

Ta miƙo kwanon, ta gyara zani ta zauna a bakin tabarmar.

"Ku ci gaba," in ji ta. "Ina ji."