Kusurwar da Ɗayyabu Ya Bari

Na gaji da ba da labarin Ɗayyabu mai kamara. Na ba da shi har bakina ya bushe, kuma ban ga wanda ya fasa abin da ya yi niyya don ya ji shi ba. Amma tunda an sake tambaya, to, ga shi.

Sunana Ashiru, walda nake yi a Kazaure. Ni nake ƙera masa ƙarafan da ake kafa kamara a kai, da ɗan kejin da ake rufe ta don kada a cire. Saboda haka na san hannunsa. Mutumin ya iya aiki, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba.

Kamarorin yanzu ba irin na da ba ne, da sai an yi sata a zauna ana mayar da hoto baya. An haɗa su da manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, ita ke kallo a madadin mai shago. Tana lura da masu shiga da masu fita, tana zagaye kowane mutum da ɗan koren akwati a kan allo, in wani ya daɗe yana shawagi a gaban kaya sai ta aika saƙo wayar maigida. Amma duk wayonta, abin da aka nuna mata kawai take gani. In aka kafa kamara can kusa da rufi, saman huluna za ta yi ta kallo. In aka fuskantar da ita ƙofar da rana ke shigowa, kowa baƙar inuwa zai zama. Kuma babu kamarar da ke ganin ƙarƙashinta, sai wata ta tsare mata. Ɗayyabu kan sa mutum ya yi ta bin shago lungu-lungu, shi yana duba waya, har sai ya tabbatar babu inda koren akwatin ya saki mutumin.

Ba yunwa yake ji ba, kada wani ya ce muku talauci ne ya kai shi. Yana da babur, yana da gidan gado, ga matarsa Bahijja, ga 'yarsu ƙarama Khadijat, ga mahaifiyarsa da ransa. Sai dai manyan ayyuka daga Kano ake ɗauko masu yi, shi kuma a bar shi da ƙananan shaguna. Duk ranar da ya hau tsani a ɗakin ajiyar wani alhaji ya hango buhuna har rufi, da ciwon zuciya yake saukowa.

Wannan ne ya kai shi wurin boka. Abin da ya faru a can, shi da bakinsa ya faɗa mini daga baya. Da tsakar rana ya je, cikin duwatsun da ke bayan Roni, inda hanyar babur take ƙarewa. Wani tsagin dutse ne da aka toshe bakinsa da tsohuwar fatar sa. A ciki akwai sanyi irin na rijiya, ga warin tsohon jini da ƙonannen gashi. An jera fasassun madubai a jikin dutsen, kowanne an juya fuskarsa bango. A tsakiya akwai tulu baƙi, an ɗaure wuyansa da jan ƙyalle, a gefensa ƙwarya cike da busassun idanun raguna. Bokan, wani tsoho, yana zaune ya ba ƙofa baya, kuma har aka gama bai juyo ba.

"Me kake sayarwa?" in ji tsohon.

"Ido nake kafa wa masu dukiya, Baba."

"Idon yana ganin ko'ina?"

"In dai ni na kafa, ko ɓera ba ya wucewa."

"To ashe kai ne ka hana yarana wurin zama. Da can kowane shago yana da lungu. Yanzu kun bi kun haske."

Ɗayyabu ya ce, "Baba, ni arziki na zo nema. Amma in da jinin mutum a ciki, na fasa."

"Wa ya tambaye ka jini? Wuri nake so. Duk inda ka kafa idanunka, ka bar mini kusurwa ɗaya, wadda za ta ɗauki tabarmar mutum guda. Kada ido ko ɗaya ya kai wurin."

"Me za su yi a kusurwar?"

"Zama."

"Su ci me?"

"Kai ka haife su da za ka damu da cikinsu?"

Tsohon ya ɗebi idanun ragunan ya zuba a turmi, ya daka su da kwalli, ya yayyafa ruwan tulun, yana wasu maganganu ƙasa-ƙasa. Ya ɗura garin a tandu, ya miƙo ta bayan kafaɗa. Ya ce a shafa a bangon kowace kusurwa da aka bari.

"In na samu abin da ya ishe ni, zan iya dainawa?" in ji Ɗayyabu.

"Ka daina mana, wa ya riƙe ka? Amma ka sani, wanda ka ba masauki, in ka tashe shi, kai zai biyo."

Ya ji wannan da kunnensa. Ya karɓi tandun.

Aikin farko a Babura ya yi shi, a ɗakin ajiyar wani dillalin hatsi. Ya karkatar da kamara ɗaya kaɗan, abin da mai shago ba zai taɓa lura ba, sai wata kusurwa bayan sikeli ta fita daga allo. Ya shafa kwallin ya tafi. Ba a jima ba buhuna suka fara sauƙi. Ɗinkinsu lafiya lau, ƙofa a kulle, manhaja ba ta ga kowa ba, amma in aka ɗora a sikeli sai a ga sun rage. Me mai shago zai yi? Ya kira mai kamara ya ƙaro wasu. Maƙwabcinsa ya ji ana sata, shi ma ya kira. Haka abin ya yi ta yaɗuwa, daga Babura zuwa Gwiwa, daga Roni zuwa Yankwashi, har fataken da ke tsallakowa daga Nijar suna biyansa da sefa. Ɗayyabu ya rushe gidan gado ya tayar da bene, ya sayi mota, aka fara ce masa Alhaji tun bai je ba. Ni ma na sha aikin ƙarfe a lokacin, ina ta sa masa albarka, ban san abin da nake ɗaure wa gindi ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne halin ma'aikaci. Duk wanda ya taɓa yi wa wani aiki ya san wannan. In ka sa wa mutum ido daga safe har yamma, sai ya gano inda idon ba ya kaiwa. Can zai je ya ci abinci, ya miƙe ƙafa, ya kira matarsa a waya. A kowane shago, ma'aikata suka gano kusurwar Ɗayyabu, suka shimfiɗa buhu a wurin.

Akwai wani Nathaniel, mai kula da kaya a wani babban kanti a Babura, mutum ƙato mai fara'a. A kusurwar yake hutun rana. Ya fara ramewa, ya daina dariya, aka yi ta yawon asibiti ba a ga komai ba, har ya mutu nauyinsa bai kai na yaro ba. Wani ɗan dako a Gwiwa ya bi shi. Wani maigadi a Roni ya bi su. Sannan manhajar kanta ta fara abin da ba a gane ba. A bakin kusurwar, daidai inda allo ya ƙare, sai koren akwati ya fito ya tsaya, babu kowa a ciki. In an rufe shago da yamma, sai ta aika saƙo cewa akwai sauran mutum a ciki. Masu shaguna suka yi ta kiran Ɗayyabu, yana ce musu kuskuren manhaja ne.

Wata safiya ya zo rumfata, idanunsa sun faɗa.

"Malam Ashiru, ƙarafa nake so masu dogon wuya, waɗanda za su juya ko'ina. Da yawa."

"Lafiya, Alhaji? Na baya sun lalace ne?"

"Gyara zan yi," ya ce, bai kalle ni ba.

Da na so in ce tausayi ne ya kama shi. Amma gaskiya wani ɗan kasuwa ne ya ce zai ɗauko masana daga Kano su duba masa aikin, shi kuma ya ji tsoron tonon asiri. Ya bi shagunan ɗaya bayan ɗaya yana daidaita kamarori, yana kankare kwallin daga bango. Buhuna suka daina sauƙi. Masu shaguna suka yi ta gode masa.

Su kuwa yaran bokan da aka tasa daga kusurwoyin, gidansa suka nufa.

Ya gane haka tun ranar da ya shiga zaurensa ya ji warin ƙonannen gashi. Ya koma duwatsun Roni a guje, ya tarar da tsagin dutsen wayam, ba tsoho, ba tulu. Sai ya yi abin da ya iya. Ya cika gidansa da kamarori, zaure, tsakar gida, matakala, kicin, kowace tana tsaron ƙarƙashin 'yar'uwarta. Ya ƙara sola da batura don kada wuta ta ɗauke ko na ƙiftawar ido. Da ya zo ɗakin mahaifiyarsa da tsani, tsohuwar ta tare ƙofa.

"Ni za ka sa wa ido a ɗakina, Ɗayyabu? Inda nake tuɓewa?"

"Inna, don lafiyarki ne."

"In ka kafa abin nan a nan, ban yafe maka nonona ba."

Ya sauke tsanin. Ba zai iya gaya mata dalili ba. Tsohuwar ta bushe a ɗakin nan kamar kuɓewa a rana, damina ba ta ƙare ba muka kai ta makwancinta.

Bayan wannan bai sake sauraron kowa ba. Ya kafa a ɗakin Bahijja, ya kafa har a makewayi. Ya haɗa lasifika a ko'ina, ya shige wani ɗaki a saman bene ya zauna gaban allo. Ya daina fita aiki, ya daina zuwa masallaci, abinci ma a gaban allon yake ci. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, kada Khadijat ta fita daga koren akwatin nan. In yarinyar ta matsa kusa da bango sai murya ta fito daga sama: "Khadijat, dawo tsakiya! Fito inda nake ganinki!"

Bahijja ta roƙe shi, ta yi kuka, ta ce ya bar ta ta kai yarinyar gidan iyayenta a Gwiwa. Ya ce gidan da babu kamara ko ɗaya, ai nan ne ma za su fi samunta. Matar da ba ta da inda za ta yi wanka ba ido a kanta, ba ta da inda za ta yi kuka ita kaɗai, yaya za ta ƙare? Ta fara lulluɓa da bargo cikin zafin bazara. Ta fara magana da kamarorin, tana gaishe su, tana ba su haƙuri.

Yarinya kuwa yarinya ce. Ta gaji da tsawa daga sama. Ta lura da duk inda ta tsaya muryar babanta take fitowa, ta kuma lura da inda in ta tsaya muryar ba ta fitowa. Iskar farkon damina ta ɗan karkatar da ƙarfe ɗaya a bayan tankin ruwa, ɗan abin da bai kai faɗin tafin hannu ba, sai wani ɗan wuri ya fita daga allo.

Da hantsi ne. Ɗayyabu yana kallo ta ɗauki 'yartsanarta ta bi gefen tanki. Ta fita daga hoton kamara ta farko. Ya mayar da ido kan ta biyu yana jiran ta shigo. Ba ta shigo ba. A bakin allon sai ga koren akwati ya fito, dogo, ya fi tsawon kowane mutum, ya sunkuya.

Kafin ya sauko daga bene an gama. Ya same ta zaune ta jingina da tanki, ba rai, 'yartsanar a cinyarta. Da ya ɗauke ta, ya ce mini, ji ya yi kamar ya ɗauki riga.

'Yan'uwan Bahijja sun zo sun tafi da 'yar'uwarsu, har yau ba ta gane kowa. Benen yana nan a kulle, babu mai saye, babu mai haya. Motar ta ruɓe a ƙofar gida.

Shi kuwa in kun bi ta bakin tasha a Kazaure za ku gan shi. Wani mutum ne cikin yagaggiyar shadda, yana tsaye wuri ɗaya yana juyawa. Ya juya dama, ya juya hagu, ya zabura ya waiwaya. Baƙi kan ɗauka rawa yake yi. Ba rawa ba ce. Ya gane cewa akwai wuri guda da idonsa ba zai taɓa kaiwa ba, wato ƙeyarsa, kuma ya san abin da ke tsaye a wurin. Ba ya zama, ba ya jingina, in barci ya sace shi sai ya farka da ihu. Nakan kai masa abinci wani lokaci, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Malam Ashiru, don Allah tsaya a bayana, ka gaya mini abin da ka gani." Nakan tsaya. Nakan ce ban ga komai ba. Ba ya yarda.

To, kai da kake hangen ɗakin ajiyar wani kana jin zuciyarka na tafasa, ka ji tsoron Allah ka riƙe abin da ke hannunka. Boka ba ya bayar da kyauta, kuma ba ya karɓar kuɗinsa daga aljihunka, daga cikin gidanka yake ɗauka. Kada ka ce ai ɗan ƙaramin abu ya nema. Ɗayyabu ma wurin tabarma ɗaya ya bayar, ga shi yau a faɗin duniyar nan ba shi da inda zai zauna.