Satar Batirin Shafakana

Ana saukowa daga sallar Juma'a wayar Insifekta Abdulganiyu ta yi ƙara. Hasina ce, nas ɗin shafakana, wato ƙaramin asibitin ƙauyensu da ke gefen Wad Haddad.

"Yallaɓai, an sace batirin sola! Firjin allurar yara ya mutu. In rana ta faɗi bai tashi ba, maganin duk ya lalace."

Kwana da kwanaki ke nan babu wutar gwamnati a yankin, batirin nan shi ne ran asibitin. Insifekta ya tarar da wayoyi biyu suna reto a inda aka kwance shi. A ƙofar baya ga sawun keken jaki, ya nufi bakin tur'a, babbar hanyar ruwan gonaki, ya ɓace cikin sawun shanu.

Ya kira Bilyamin mai gadi.

"Ina kake da azahar?"

"Nan nake, ranka ya daɗe. Ko motsi ban yi ba."

Insifekta ya dubi ƙafafunsa, laka har gwiwa.

"Asibitin ya fara noman auduga ne?"

Bilyamin ya sunkuyar da kai. Ashe ya zame ne ya je ya buɗe wa gonarsa ruwa. Ya yi ƙarya, amma ba shi da jaki, balle keke.

Ba a jima ba Nawal ta iso a babur, injiniyar da ta haɗa wa asibitin sola da kyamarar tsaro. Ta jona kwamfutar da ke ajiye hotunan kyamarar da ƙaramin batirin da ta zo da shi.

"Wutar ta ɗauke tana cikin ɗauka," in ji Insifekta. "Ai ƙarshen hoton ya tafi."

"Ba lallai ba. Ma'ajiyar da ke ciki SSD ake kiranta. In hoto ya zo mata, tana fara riƙe shi a hannu, kamar mai awo, kafin ta zuba a rumbu. Wuta na ɗaukewa, abin da ke hannu zai zube. To irin wannan tana da 'yan ƙananan tulunan wuta a jikinta. Tana jin wuta ta yi ƙasa sai ta daina karɓar sabo, ta sha ragowar da ke tulunan, ta ƙarasa zubawa, ta rubuta inda ta ajiye komai, sannan ta mutu."

"Duka haka suke?"

"A'a, masu arha da yawa ba su da tulunan. Kuma abin da bai iso hannunta ba ya tafi. Wanda ya iso, ba ta saki."

Hoton ya buɗe. Wani mutum ya shigo, rawani ya rufe masa fuska, yana ba kyamara baya. Ya durƙusa yana lalubar notin da ya ɗaure wayar batirin, ya kasa gani. Sai ya yaye rawanin, ya juyo wajen hasken taga, ya murɗa. Allon ya yi baƙi.

Ƙiftawar idon nan ta ƙarshe ta isa. Insifekta ya gane fuskar. Baba Maliki ne, aminin marigayi mahaifinsa, wanda ya koya masa iyo a tur'a.

Shi kaɗai ya tafi gidan. Tsohon yana zaune a inuwar darbejiya.

"Abdu, ɗana! Shigo ka sha shayi."

"Baba, jakinka ya fita yau?"

"Tun jiya yana ɗaure."

Jakin kuwa bayansa sharkaf da gumi. Daga cikin ɗaki wata na'ura tana gurnani a hankali, a garin da ko ƙwan lantarki ɗaya ba ya ci.

Insifekta ya yi sallama ya ɗaga labule. Inna Ramatu, matar Baba Maliki, tana kishingiɗe, robar iska a hancinta, injin numfashin da ɗansu ya aiko daga Jidda yana aiki. Ga batirin a ƙarƙashin gado, an lulluɓe shi da darduma.

Tsohon ya biyo shi.

"Ni na ɗauka. Da hantsi leɓenta ya yi shuɗi, tana kallona ba ta iya kiran sunana. An ce mini in wuta ta yanke kyamarar asibitin mantuwa take yi. Aro na yi, Abdu."

"Maliki!" Inna Ramatu ta yunƙura. "Ka ce mini Hasina ce ta ba ka! Maganin jikokin mutane ka kashe saboda tsohuwa irina?"

"Saboda ke," ya ce, bai ɗaga kai ba.

Insifekta ya buga wa Nawal waya ya tambaya ko batirin zai ɗauki firji da injin tare. Ta ce zai ɗauka. Kafin la'asar ta yi sanyi, keken jakin ya koma asibiti ɗauke da batiri da inji da Inna Ramatu a kan katifa. Hasina ta duba ma'aunin firjin ta yi hamdala, sanyin bai kai ga fita ba.

Insifekta ya dubi tsohon. "Baba, dole mu je ofis. Zan rubuta duk yadda aka yi, har da dalili."

"Mu je. Da ka bar ni, da ban yafe maka ba."

Ya miƙa hannuwansa biyu. Insifekta bai taɓa ankwa ba, sai ya kama masa gwiwar hannu don kada ya yi tuntuɓe a dakali.

Sun kai ƙofa Inna Ramatu ta zare robar daga hancinta.

"Abdu! Ɓarawon naka ba ya cin abinci sai an zauna kusa da shi."

"Zan zauna, Inna."

"To ka dawo mini da shi. Ban gama yi masa faɗa ba."