Reshen Magarya a Kan Lilo

Ranar da Bhekani Zikhali ya fara ganin 'yar wana, Nokwanda, a kan mahaifinta ya zauna. Ina kan benci ina gadin jakunkunan mutane, da idona na gani.

Lahadi ce, a Emaphusheni, filin wasan nan na bakin teku da ke kudu da Durban. Nokwanda ta shiga kwandon babban lilo, mai siffar tayar keke, ta miƙa tikiti biyu kamar kullum, ta zauna a gefe guda ta bar ɗaya gefen. Duk ɗan filin ya san ba a zama a wurin. Bhekani baƙo ne daga Empangeni, dogo, mai aikin lantarki. Ya ga gurbi ya faɗa ciki kafin mai kula da lilon ya buɗe baki. Aka saki birki.

Abin da aka yi a sama, ita ta ba ni labari.

"Bawan Allah, ka zauna a kan babana."

Ya miƙe zumbur, kwandon ya yi tangal-tangal, ya koma da sauri. "Yi haƙuri! Ina yake?"

"Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. To in tsaya a tsaye?"

"In ka tsaya, mu ukun duk ƙasa za mu yi."

Sai ya takure a ƙurya, ya cire hula, ya dubi iskar da ke tsakaninsu ya ce, "Baba, a yi mini afuwa, ban san da mutum ba." Nokwanda ta ce tun rasuwar mahaifinta ba ta yi dariya a kwandon nan ba sai ranar.

Wana Zwelakhe shi ya fara wannan ciwo. Muna yara ba a barin baƙar fata ya shiga Emaphusheni. Mukan taho daga Umlazi a ƙafa, mu manna fuska a shinge, mu kalli 'ya'yan Turawa suna ihu a sama. Ni kallon ya ishe ni. Shi kuwa har ya haddace ƙarar kowane inji. Da aka buɗe wa kowa ƙofa, yana magidanci da gemu, ya shiga layi tare da yara. Ya sauko, ya koma ƙarshen layi. A nan ya gane fuskokin da muka tsaya da su a shinge, duk sun yi tumbi, duk suna riƙe da tikiti suna sunkuyar da kai. Haka aka kafa ƙungiyar 'Yan Shinge. Kowace Lahadi suna nan, suna musun wane dokin katako ne ya fi tashi sama. Ni ma ɗan ƙungiya ne, muƙamina gadin jaka, don ko gadar tsallaka titi na hau sai na rufe ido.

A kwandon nan na babban lilo zuciyar wana ta tsaya, yana can ƙololuwa. Ya sauko a zaune, hularsa a gwiwa, kamar mai jiran a ƙara masa zagaye.

Mun binne gawa. Amma a al'adarmu, wanda ya mutu a waje, shi kansa yana nan inda ya faɗi, sai an je da reshen magaryar kura an yi masa magana an rako shi gida. Matarsa MaCele ta ce ba da yawunta ba.

"Duk Lahadin duniya tuwona sai ya huce saboda wancan ƙarfen. Can ya zaɓa, can zai zauna."

Shi ya sa 'yarsa take saya masa tikiti. Mai kula da lilon kan rantse cewa kwandon nan yana kaɗawa ko babu iska, kuma in ya ajiye shi a ƙasa ya rufe fili, da safe a sama yake samunsa. Ni ban yarda da irin wannan zance ba. Na dai matsar da bencina gaba kaɗan.

Lahadin da ta biyo baya Bhekani ya dawo. Ashe shi ma mai cutar ne. Duk garin da aka ce akwai lilo sai ya je, ya ɗauki ƙarar injin a wayarsa, ya riƙa saurare kamar waƙa. 'Yan Shinge suka rungume shi kamar ɗansu da ya ɓata. Ya saya wa Nokwanda alawar auduga, iskar teku ta manna masa rabi a gira, daga nan ya fara kiranta Alawata.

Ta nuna mini saƙonninsu, wai in ga hankalin yaron.

"Alawata, kin isa gida lafiya? Tun da na sauko ƙasa take juya mini, kuma na san ba laifin lilo ba ne."

"Mai kutse, ka sha magani ka kwanta."

"Maganin yana Umlazi, ya ƙi ɗaukar waya."

"Mama tana kusa. Ranar Lahadi ka zo da tikitinka, ni na mutum biyu kawai nake saye."

"Zan zo. Ki ce wa Baba zan aske gashi."

Na ce mata ban ga hankali ba, amma na ga ladabi.

Da ya je gaida MaCele, ta ba shi shayi da fanke, ta bari ya kai loma baki sannan ta tambaya.

"Ɗana, me kake yi ranar Lahadi?"

Da ni ne da na ce coci. Shi gaskiya ya faɗa, har da annashuwa.

Ta janye farantin. "Na auri irinka sau ɗaya. 'Yata ba za ta zauna tana ɗumama tuwo tana kallon ƙofa ba."

Akwai wanda MaCele take so wa 'yarta, Thubelihle, mai kantin magani, wanda yake jan waƙa a cocinsu. Don ya nuna shi ma namiji ne, ya biyo Nokwanda fili ya hau jirgin nan mai hawa da gangara. Ya sauko fuskarsa kamar ganyen kabeji, ya zauna kusa da ni. Nan take na ji ina ƙaunarsa. Da numfashinsa ya dawo ya ce mata, "In mun yi aure, kin bar zuwa nan ke nan."

"To wa zai riƙa zuwa wurin babana?"

"Nokwanda, kujera ce kawai."

Ta miƙa masa ruwa ta yi masa sallama. Bai sake zuwa ba, na rasa abokin benci.

Korarsa ba ta gyara komai ba. Uwa ta ƙi Bhekani, dattawan gidanmu kuma suka ce ba a buɗe maganar shanun aure alhali uban yarinya ba ya gida balle a sanar da shi. Ƙulli biyu ke nan, duk a hannun MaCele.

Ana cikin haka aka sayar da filin, za a gina otal. Aka yanke wuta, aka sa kwaɗo a ƙofa. Nokwanda ta je ta tsaya a shinge, daidai inda muke tsayawa muna yara. Wa za ta hango a ciki? Bhekani, da hular kwano da rigar kamfanin rusau, yana kwance dawakan katako yana jerawa a mota.

"Na gan ka. Ka ce kana son filin nan, ka ce kana sona, ga shi kai ne da sifana a hannu. Kada ka sake kirana."

Ta toshe lambarsa. Ta daina cin abinci sosai. Ta ce mini in barci ya ɗauke ta, ƙarar lilon take ji, da muryar babanta yana tambaya ko an rufe ne.

Bhekani ya same ni a gida, ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Baffa, aikin na nema da gangan. Na roƙi shugaban leburori a bar lilon ya zama na ƙarshe, ya kuma yarda in haɗa masa janareta ranar Asabar da safe, zagaye ɗaya. Litinin za a sare shi."

"Me ya hana ka gaya mata?"

"Ban so in sa mata rai a ƙi ba ni izini ba. Baffa, a sama ya rasu. In lilon ya faɗi, da me za a hau a ɗauko shi? Iska ba ta da matakala."

Na je wurin MaCele, na tarar tana guga. Na faɗi abin da yaron ya faɗa. Ta goge hannun riga ɗaya har ya kusa ƙonewa.

"Wa zai hau?"

"Ni mana. Ni ne ƙaninsa."

Ta ajiye dutsen guga ta dube ni. "Kai, Mbuso? Kai da ake riƙe wa kujera in za ka canja ƙwan fitila?"

Ta ɗauki dutsen ta ci gaba da gugarta. Asabar da safe muka isa ƙofar filin ni da Nokwanda, muka tarar da ita a tsaye cikin kayan coci, da reshen magarya a hannu, ƙaya ta yanke ta a yatsa. 'Yan Shinge sun jeru a bayanta, tsofaffi, huluna a hannu.

"Ba don shi na zo ba," in ji ta. "Na zo ne kada ka suma ka bar mu da biyu a sama."

Fili ya yi tsit, babu kiɗa, babu yara, sai teku. Bhekani ya tada janareta, bai yarda ya dubi Nokwanda ba. Muka shiga kwandon ni da MaCele, na karɓi reshen, na rufe ido. Daga wannan lokaci ba ni da bakin magana da mai rai sai mun isa gida.

Lilon ya ja mu yana kuka. A ƙololuwa ya tsaya. Babu iska ko kaɗan, amma kwandon yana kaɗawa a hankali, gaba da baya, kamar wani yana wasa da ƙafa.

Na ce, "Zwelakhe, ɗan babana, ni ne Mbuso. Ka ga abin da ka jawo mini. Mun zo mu tafi da kai gida."

MaCele ta karɓe. Ta faɗa masa duk abin da ta tara, tuwon da ya huce, bikin da ta je ita kaɗai, yadda ya tafi bai yi mata sallama ba. Tana cikin faɗa sai ta hango wani abu.

"Mbuso, buɗe idonka."

Na buɗe ɗaya. Can nesa ga tuddan Umlazi, rufin kwano birjik, masu tsatsa da masu ruwan toka. A tsakiyarsu guda ɗaya rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Gidansu ne. Duk Kirsimeti sai wana ya hau ya sake shafa wannan mummunan fenti, maƙwabta suna yi musu dariya.

"Ce mini ya yi shi ne mai araha," in ji MaCele. "Maƙaryaci." Ta share ido da bayan hannu. "To ka gama kallo daga nesa. Taso mu tafi, 'yarka za ta yi aure."

Kwandon ya daina kaɗawa. Reshen da ke hannuna ya yi nauyi, irin nauyin yaron da barci ya kwashe a kafaɗa. Wannan ban ji a bakin kowa ba, hannuna ne.

Muka sauko. Nokwanda tana tsaye kusa da janareta, ita da Bhekani kowa yana kallon takalminsa. Muka tare motar haya, na biya wa wana kujerarsa. MaCele ta sa ƙafa ɗaya a mota ta waiwaya.

"Kai mai hular kwano, shigo. Ai sai ka ga ƙofar da kawunnanka za su zo su tsaya."

Direba ya ga reshen, ya kashe rediyo ba tare da an ce masa ba. Ni ina ta yi wa wana bayanin hanya: ga mu a kan gada, ga kasuwa an faɗaɗa ta, kada ka tsaya, ba a nan za mu sauka ba. A kujerar baya wayoyin Nokwanda da Bhekani suna ta ƙyalli.

"Mai kutse, ka yafe mini."

"Wace ce? An toshe ni, ban san lambar ba."

"Alawarka ce."

"Tun a shinge na yafe. Kin rame. In mun isa ki ci abinci, ina kallo."

Aka yanka akuya, aka soke reshen a saman ƙofar ɗaki. Litinin aka sare lilon, ba wanda ya je kallo.

Bayan damina kawunnan Bhekani suka zo daga Empangeni, suka tsaya a ƙofa suna kiran kirarin gidanmu. Muka bar su rana ta ɗan gasa su kamar yadda aka saba, sannan muka buɗe. Aka ɗaura aure a coci, aka dawo tsakar gida aka yi na gargajiya. Thubelihle ne ya ja waƙa, kuma ya yi ƙoƙari. 'Yan Shinge suka yi rawa har gwiwoyinsu suka tuna musu shekarunsu.

Da za a tafi da amarya, MaCele ta tsayar da su a ƙofar ɗaki, ta ƙona turare, ta ce, "Baban Nokwanda, ga 'yarka za ta tafi Empangeni. Ka san yaron, kun zauna tare."

Sannan ta kama hannun Bhekani ta ɗora a kan na 'yarta.

"Na ji an ce Johannesburg za ku, wai akwai wani jirgi da yake kifa mutum kai a ƙasa. Ban hana ku ba, na gaji da hanawa. Ku hau duk abin da kuke so. Amma ku hau tare, ku sauko tare, ku koma gida abinci da zafinsa."

"Mun ji, Mama," in ji Bhekani. Nokwanda ta kifa kai a kafaɗar uwarta.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya sa ku tsufa kuna ganin juna."

Duk tsakar gidan aka amsa da amin.