Ƙarar da Ba Ta Ji Ba

"Ki sa ta yi ƙarar kawai. Ke da sana'arki?"

Yaya ne ya faɗa, yana tsaye a bakin shagon gyaran kwamfutar da Baba ya bar musu. Auta ba ta ɗago ba. Kwamfutar Direba ce buɗe a gabanta, an cire murfin gefe, fanka na juyawa a hankali, ita kuma ta zuba wa katin sautin ido kamar yau ta fara ganinsa.

Yaya ya sassauta murya ya koma lallashi. Ya ce mahaifiyar Direba ta yarda a kai kwamfutar gidansu da la'asar, a kunna a gabanta. In ta ji ƙarar da kunnenta, maganar aurensa da Auta ta dawo. In ba ta ji ba, kowa ya kama gabansa. To mene ne abin wahala? Auta ta ɗan sassauta bakin wayar sauti, ko ta kwantar da ita a jikin akwatin wuta, ƙaraf-ƙaraf zai cika falon har na tsakar gida ya ji.

"Na ji," ta ce.

Wannan amsar ce dai ta kawo ta inda take yau.

Tun ranar da aka aiko cewa an janye maganar, Auta ba ta yi kuka ba. Mama ce ta yi kukan, har da na sayarwa. Ita kuwa tana tashi, ta yi wanka, ta buɗe shago, ta ci abin da aka ajiye mata ba tare da ta san ko da gishiri ba. Ba baƙin ciki take ji ba, ba kuma haushi ba. Zuciyarta ta zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ko an tsunkule ta ba ta sani.

Shi Direba, ko keke ba shi da shi. Malamin lissafi ne, ita ta laƙaba masa sunan saboda wasan tseren motar da yake yi a kwamfuta in ya taso daga makaranta. Ranar da ya fara zuwa, rungume yake da kwamfutar kamar mai kai jariri asibiti, alli duk a hannun rigarsa. Ya ce sauti ne yake damunsa. In yana sauraron labarai ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Amma da ya shiga wasa, injin mota ya ɗauki kuka, sai gefen hagu na hedifon ya fara ƙaraf-ƙaraf, kamar ana murza masa leda a cikin kunne. Ya zaga shaguna, duk inda ya je sai a ce masa kwamfutarsa ƙalau take.

Baba yana da doka guda a shagon, kuma da ita ya raine su: mai gyara ba ya ɗaukar sukundireba sai ya ji matsalar da kunnensa. Don haka Auta ta ɗora hedifon ɗin, ta kunna wasan, ta taka motar har ƙarshe.

Sautin tas yake. Ko ƙwarzane babu.

Ta ɗago za ta faɗa masa, sai ta tarar ya kafe ta da ido, fuskarsa cike da roƙo.

"Kin ji, ko? Don Allah ki ce kin ji... an kusa mayar da ni mahaukaci."

Da ta ce a'a, zai rungumi kayarsa ya fita, shi ke nan. Ita kuma a 'yan mintunan nan ta riga ta lura da yadda ya gaida Yaya, da yadda yake yi wa kansa dariya, da allin nan. Wanda bai taɓa yin wauta saboda murmushin wani ba, shi ne zai ga laifinta da sauri.

"Na ji," ta ce.

Daga nan gyara ya kankama. Ta sabunta manhajar katin, ya tafi, ya dawo ya ce ƙarar ta ragu amma tana nan. Ta zare katin ta mayar da shi ramin da ke nesa da katin hoto, wai ko kusancinsu ne. Ta goge haƙoransa, ta hure ƙura, ta canza wayar, ta canza hedifon, ta rage nauyin sautin a cikin wasan. Daga baya ma ta sa sabon kati gaba ɗaya. Kowane zuwa sai ya ja kujerar roba ya zauna a gefenta, yana miƙo mata sukurori yana ba ta labarin ɗalibansa, ita kuma tana gyaran abin da bai lalace ba. Ta lallashi kanta da cewa wataƙila wutar gidansu ce. Ba ta taɓa kawo kunnensa a ranta ba, ko sau ɗaya. Mai gyaran kwamfuta, kwamfuta yake zargi.

Kafin a ankara ya daina cewa Injiniya, ya koma Injiniyata. Kafin a sake ankara, manya sun zauna.

Sai wata safiya ya tashi, kunnen hagu shiru. Ƙarar ta tafi, ta tafi da jin gaba ɗaya. Likita ya ce ciwon ya daɗe yana cin kunnen, da tun farkonsa aka zo, da wataƙila an ceto wani abu.

Akwai 'yar gwaggonsa, mai aiki a kantin magani, wadda ta daɗe tana guga masa riguna ba wanda ya sa ta. Ita ce ta kunna kwamfutar a gaban Umma, mahaifiyarsa, suka saurara tare. Ba su ji komai ba. 'Yar gwaggon ta ce ai ga shi nan, yarinyar shagon ta san kwamfutar lafiyarta ƙalau, ta riƙe shi ne da ƙarya har kunne ya mutu. Washegari Umma ta aika a janye magana.

Direba ya ƙi. Ya rantse wa Umma cewa kwamfutar ma tana da tata matsalar, zuwa take tana tafiya, shi ya sa ya ruɗe bai je asibiti ba. Ya ce Auta ta ji da kunnenta, kuma Auta ba ta ƙarya. Shi ya aiko da kwamfutar shago, ya ce ta zo ta nuna musu.

Da Yaya ya fita sayo abinci, Auta ta kai hannu bayan katin ta sassauta bakin wayar, kaɗan, yadda ido ba zai gani ba. Ta ɗora hedifon, ta taka motar.

Ƙaraf... ƙaraf-ƙaraf...

Ya fito da kyau, a hagu ma kuwa. Ko Baba ne ya dawo duniya zai rantse katin ne ya lalace. Ta zauna da shi a kunnenta, motar na ta karo da bango ba ta kula ba. Ashe wannan ne. Wannan ne abin da ya yi wata da watanni yana ɗauke da shi, yana kawo mata, tana gyaɗa masa kai. Yau ne karo na farko da ta ji shi, shi ma na jabu.

Ta jira ko wani abu zai motsa a ƙirjinta. Bai motsa ba. Ta kai hannu ta danna bakin wayar ya zauna daram, ta ɗaure murfin.

Da la'asar Yaya ya ɗauko kwamfutar, ita ta riƙe jakar kayan aiki. A hanya ya tambaye ta ko ta shirya komai, ta ce ta shirya.

Falon gidan su Direba ƙarami ne, labule a sake, fankar sama na kaɗawa. Umma na zaune a doguwar kujera, 'yar gwaggon ta ɗare hannun kujerar kamar da ita aka saye ta. Auta ta durƙusa ta gaishe da Umma, aka amsa mata a taƙaice. Direba ya rame. Ya koyi wata sabuwar ɗabi'a ta karkatar da kai, yana miƙo kunnen dama ga duk mai magana. Da ya gan ta ya yi murmushin nan nasa.

"Injiniyata... kin zo."

Ta haɗa wayoyin a kan teburin tsakiya, ta jona lasifika don kowa ya ji. Direba ya zauna ya ja allon madannai gabansa, ya ce wa Umma ta saurara da kyau, a kwanar titi ta biyu ƙarar take farawa. Motar ta tashi. Kukan injin ya cika falon, ya hau, ya sauka, ya sake hawa.

Tas.

Kwana ta biyu ta wuce, ta uku ta wuce. Yaya ya harari Auta ta gefen ido. 'Yar gwaggon ta fara kaɗa ƙafa. Direba yana tuƙi yana satar kallon fuskokinsu, don shi yanzu bai yarda da kunnensa ba, a fuskar mutane yake neman labari. Ya ce a ɗan ba ta lokaci, wani sa'in sai ta yi zafi.

Auta na tsaye a gefensa. Ta sunkuya dab da shi, ta yi magana ƙasa da kukan injin.

"Ban taɓa jin ƙarar ba. Ko ranar farko."

Bai juyo ba. Idonsa na kan hanya, murmushin na nan a bakinsa.

Sai a lokacin ta lura a gefen hagunsa take tsaye.

Ba wanda ya ji. Umma na kallon lasifika, Yaya na kallon ƙasa. Ta faɗa, Allah ya ji ta, ba ya isa ba? Ga bayan kwamfutar nan dab da gwiwarta. In ta ce bari ta duba wayar sauti, yatsa ɗaya, shi ke nan, kafin magariba an dawo da maganar aure.

Ta miƙa hannu. Madannin tsayar da wasan ta danna.

Falon ya yi tsit. Ta zagaya ta bayan kujerarsa, ta tsaya a damansa, ta durƙusa yadda bakinta zai yi daidai da kunnen da ya rage masa.

"Kwamfutarka ba ta taɓa yin ƙara ba. Ranar da ka fara kawo ta, ban ji komai ba. Na ce maka na ji."

'Yar gwaggon ta tafa hannu ta fara cewa ai ta faɗa, Umma ta ɗaga mata yatsa ba tare da ta kalle ta ba, ta haɗiye sauran. Yaya ya dafe kai.

Direba ya daɗe yana kallon motar da ta tsaya cak a tsakiyar titi. Da ya yi magana, ba faɗa a muryarsa, kuma da ma faɗan ya yi.

"Me ya sa?"

"Don ka dawo."

Ya ɗan yi dariya, irin wadda ba ta kai ido ba.

"Ai da zan dawo... Tun daga bakin ƙofa, kafin ki ɗora hedifon ɗin, na san zan dawo. Da kin ce ba ki ji ba, da na nemo wani dalilin."

Umma ta yi ajiyar zuciya. Ta ce ta san mai irin wannan aikin ba zai gagare ta sa akwatin nan ya yi kuka ba in ta so, kuma Allah ya yi mata albarka da ba ta yi ba. Amma kunnen ɗanta ba zai dawo ba, ita kuma ba za ta iya kallon fuskarta kullum ba. Ta gyara mayafinta ta shige ciki.

Auta ba ta tashi daga durƙuson ba. Shi take jira. In ya ce ta tsaya, ko duniya za ta taru ba za ta motsa ba.

"Direba..." ta ce. "Rabin raina, ka yafe mini."

A hankali ya juya kujerarsa ya fuskanci taga. Ba da ƙarfi ba, ba da fushi ba, kamar mai neman iska. Sai dai juyawar ta kawo kunnen hagunsa saitin bakinta, kuma ya san da haka.

Ta sake faɗa duk da haka, har ƙarshe, ba ta rage ko kalma ba. Sannan ta miƙe ta ɗauki jakarta.

A bakin titi Yaya ya fara sababi, yana tambayarta abin da ya shiga kanta, me zai je ya gaya wa Mama. Ta buɗe baki za ta ce masa ta ji, yadda ta saba. Maganar ta ƙi fita. Wani abu ne ya fara tsattsaga mata ƙirji, irin zafin da ƙafa ke yi in jini ya dawo mata, ya hau wuyanta, ya cika idonta. Ta durƙushe a gefen kwata da jakar a cinyarta, ta fashe da kukan da har masu wucewa suka tsaya.

Yaya ya daina sababin. Ya karɓi jakar, ya tsaya a kanta yana kare ta daga rana.