Hanyar Keken Baba

Ranar da ya fara ganinta, guduma ce a hannunsa. An sa shi ya rushe tsohuwar matattakalar ɗakin karatu na unguwa, wanda aka rufe don a gyara shi, a ƙara masa sashen yara da zauren kwamfuta. Ya sauke gudumar sau uku ke nan wata budurwa ta fito rungume da kwalin littattafai, ta haɗe rai ta ce, "Shiru!"

Leburori suka kwashe da dariya. Sai a lokacin ta tuna babu mai karatu a ciki, ta sunkuyar da kai.

"Yi haƙuri, Malama Shiru," in ji shi. "Zan lallaɓa in rushe ta a hankali, kada ta farka."

"Sannu da aiki, Sarkin Hayaniya."

Sunayen da suka bi su ke nan. Ita ce mai yi wa masu karatu rajista da ba su kati. Shi kuwa magini ne, bai daɗe a sana'ar ba. Ya bar makaranta a aji uku, ya yi wata bakwai a garejin kanikawa, ya yi gyaran waya, ya bi mota. Innarsa takan ce kamar wanda ya ci ƙafar kare. Amma a wannan aikin ko makara bai taɓa yi ba.

Wata rana da azahar ta kawo masa ruwa, ta tsaya tana kallon inda matattakalar take a da.

"Hawa tara ne," ta ce. "Su suka raba Baba da wurin nan. Shekara shida ke nan da ya yi hatsari, tun daga nan yake kan keken guragu. Ina kai masa littattafai gida, amma ya ce zaɓen wani ba ya kashe ƙishi, so yake ya tsaya gaban kanta ya ciro da hannunsa. A sabon zanen akwai hanyar hawan keke a madadin matattakala. Ranar da aka gama ta, ni zan fara turo shi."

"To ni zan zuba ta," ya ce. "Ko tsakuwa ɗaya ba za ta yi masa ciwo ba."

Da yamma saƙonnin waya suke tashi.

"Malama Shiru, yau ban ga gilmawarki ba, bulo ya yi mini nauyi."

"Kai dai ka iya ƙarya. Ta taga na hango ka kana ɗaukar biyu-biyu har da waƙa. Ka ci abinci kuwa, Sarkina?"

Ta kai wa mahaifinta, tsohon malamin makaranta, maganar aurensu. Ita ta kawo wa maginin amsar, idonta jawur.

"Ya ce ya san ka. Wai ta taga ka fita daga ajinsa, da jakarka, rana tsaka. Ya ce ba talaucinka yake gudu ba. Wai ba ka taɓa gama abin da ka fara ba, aure kuma ba a barinsa a aji uku."

Ya san gaskiya ce. Ga shi kuma injiniyan da ke duba aikin, mai fara'a da farar mota, ya fara daɗewa a ɗakin da take liƙa wa littattafai lamba.

Ranar Alhamis aka zuba hanyar keken. Tun yana shafe ta zuciyarsa ba ta kwanta ba. Washegari da ta ɗan sha iska, ya ɗora buhun siminti biyu a baro, kimanin nauyin mutum da kekensa, ya tura. A tsakiya baron ya tsaya, ya fara turo shi baya. Ya gwada sau uku, sau uku yana dawowa.

Ya gaya wa shugaban leburori. "Zane muke bi, ɗan uwa. Ba a biya mu tunani ba."

Ya tari injiniya a bakin mota. "Ranka ya daɗe, ta miƙe da yawa. Keke zai dawo baya."

"Da me ka auna?"

"Da baro."

Injiniya ya yi murmushi, ya dafa kafaɗarsa, ya ja motarsa.

Ya san nan da kwana biyu kankaren zai zama dutse, kuma babu mai yarda a taɓa shi. Ranar Asabar da sassafe, kafin kowa ya iso, ya ɗauki guduma ya farfasa ta. Abin da bai sani ba shi ne, a yammacin jiya magabatan injiniyan sun je gidan su budurwar neman aurenta. Kafin azahar an kore shi daga aiki, kuma duk layin magana ɗaya ake yi: kishi.

Saƙonta ya same shi a hanya.

"Na san za ka ji zafi. Da ni ka zaga, da na haƙura. Amma hanyar Baba? Kai kaɗai na gaya wa abin da take a wurina."

"Wallahi ban san an zo gidanku ba. Ta miƙe ne, keke zai kife da shi. Ki yarda da ni sau ɗaya."

"Shi ya auna da na'ura, kai ka auna da baro. Baba ya yi gaskiya. Don Allah kada ka sake nema na."

Ya karanta har wayar ta mutu. Ya shiga ɗaki ya jawo jakarsa, ya fara cusa kaya. Innarsa ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ina kuma aka nufa?"

"Ko ina, Inna."

"To Allah ya kiyaye. Amma ka sani, in ka tafi yau, ka sa hannu a kan duk abin da suka faɗa."

Ya zauna a bakin katifa, ya kifa kai a kan jakar. Bai tafi ba. Ya kama aiki a wurin masu buga bulo, a ƙarshen layin. Kullum sai ya wuce ta gaban ɗakin karatun, yana kallon ƙasa. Ya ga an sake zuba hanyar yadda take. Ya ga an kafa sababbin tagogi, an yi fenti. Ya ji an ce ta amsa wa injiniya. Wata biyu ya rame har wandonsa sai da igiya.

Mako ɗaya kafin buɗewa, yana jera bulo a rana, wayarsa ta yi ƙara.

"Sarkina, keken ya dawo baya."

Da gudu ya isa. Ya same ta zaune a ƙasa, an naɗe mata hannu da ƙyalle, mahaifinta na gefe da jini a goshi. A tsakiyar hawan takalminta ya zame, keken ya bi ta kanta, mai gadi ne ya tare shi da ƙirji. Ta ɗago ta dube shi.

"Ka gaya mini," ta ce. "Ka gaya mini, na..."

"Hannun ya karye?"

"Ka yafe mini tukuna."

"Malama Shiru, hannun nake tambaya."

Sai ta fashe da kuka.

Shugabar ɗakin karatun ta ce ba za a buɗe ba sai an gyara. Injiniya ya zo, ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya miƙa wa maginin tef ɗin awo da hannunsa. Bayan kwana uku ya aika gidan su budurwar cewa ya janye daga neman aurenta, don ya ga inda idonta yake.

Kwana goma sha tara maginin ya yi yana aikin. Ya ja hanyar ta yi tsawo, ta kewaya bishiyar da ke bakin ƙofa, ya yi mata wurin hutawa a tsakiya da ƙarfen riƙewa a gefe. Kullum tsohon malamin yakan sa a kawo shi inuwa ya zauna yana kallo, ko sannu ba ya cewa.

Ranar da ta bushe, 'yarsa ta kama keken da hannunta mai lafiya. Ya ce, "Saki." Ya tura ƙafafun keken da kansa, a hankali, ya huta a tsakiya, ya ci gaba har bakin ƙofa. Ya leƙa ciki, ya ga kantoci jere har bango, ya cire tabarau ya goge ido. Sannan ya juyo.

"Kai, zo nan."

Maginin ya zo ya durƙusa. "Ga ni, Malam."

"Mutumin da ya yarda a kore shi, a zage shi, a kan tsohon da ya hana shi 'ya, ban san me zan ƙara koya masa ba. Ka gaya wa innarka ta turo manya."

Bayan wata biyu aka ɗaura musu aure. Leburori suka zo da wankakkun kaya, mai gadi ya zauna a sahun gaba. Da aka watse, tsohon ya kira su, ya haɗa hannunta mai tabo da na ango mai kanta, ya riƙe da kyau.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin magana," ya ce. "Idan hanya ta miƙe muku, kada ɗayanku ya saki."

Ango ya ƙara damƙe hannunta. Amaryar ce ta amsa musu su biyun.