Huda Biyu a Fas ɗin Baba Sulemanu

Ƙarfe tara da rabi na safiyar Laraba wani tsoho ya faɗo caji ofis na Funtuwa, hula a hannu, yana haki.

"Yallaɓai, an kashe ni! An sace fas ɗina!"

Sufeto Abdussamad mutum ne da kujera ba ta riƙe shi, ko shayi a tsaye yake sha. Ya ce, "Zauna, Baba. Wane irin fas?"

Tsohon bai zauna ba. Sunansa Sulemanu, mutumin Ƙarfi, shekara talatin da biyu yana gyaran layin dogo kafin ya yi ritaya. Sau ɗaya a shekara akan ba ɗan fansho irinsa takardar shiga jirgi kyauta, shi da iyalinsa, amma bai taɓa nema ba sai bana. Ciwon ido ya ci ƙarfin matarsa Mairamu, likita ya ce kafin wata damina sai dai a ja ta da sanda. Shi kuwa tun tana amarya ya yi mata alkawarin zai kai ta Ikko ta ga teku.

"Jirgin yaushe ne?"

"Yau, ƙarfe huɗu, an rubuta ranar a jiki. In ya wuce sai baɗi. Baɗi kuwa me za ta gani?"

Sufeto ya dubi agogo, ya ƙwala wa Saje Hussaini kira.

A gidan Sulemanu suka tarar da Mairamu zaune a tabarma, ta rungume ƙunshin kayanta. Maƙwabta sun yi juyin duniya ta kwance, ta ƙi.

"Coci muka je fasto ya yi mana addu'ar tafiya," in ji ta. "Muna dawowa ɗaki a buɗe, babu gwangwanin takardu."

Ba a fasa kwaɗo ba. Mabuɗi yana inda suke ajiye shi, ƙarƙashin randa. Ga rediyo nan a kan tebur, ba wanda ya taɓa ta. A kan gado kuma ga sababbin ɗinki biyu a ninke.

"Waɗannan fa, Mama?"

"Da muka fita ba su nan. Sikiru tela ne ya ce zai kawo."

Suka bi Sikiru shagonsa. Yana ganin kaki ƙafarsa ta tsaya a kan keken ɗinki.

"Oga, rabona da gidan nan tun Lahadi."

"To, rigunan da ƙafarsu suka je?"

Sikiru ya share gumi. "Tsoro ne, Oga. Da abu ya ɓace baƙo ake fara kamawa, ni kuwa a garin nan aka yanke cibiyata. Na je. Na yi sallama shiru, na ga ɗaki a buɗe, na ajiye na fito."

"Ba ka ga kowa ba?"

"Mutum dai ban gani ba. Amma akwai keke a jingine bayan zaure, an ɗaura masa baƙar laima. Laimar nan duk Funtuwa an san ta. Ta Malam Maitama ce, shugaban 'yan fansho."

A gindin mangwaron bakin tasha suka same shi, cikin tsohon baƙin kwat mai maɓallan tagulla, tsofaffi kusan ashirin sun kewaye shi. Jibi kwamiti zai zo daga Kaduna ya duba halin da 'yan fansho suke ciki, shi ne yake yi musu bita.

"Kowa ya zo da tsohuwar rigarsa! Wanda ya zo da wanki da guga ya cuce mu!"

Sufeto ya kutsa. "Malam, ina ka je da safe?"

"Tun hantsi ina nan."

"Kekenka dai ya je gidan Sulemanu."

Maitama ya gyara tsayuwa. "Af, na biya in yi musu sallama, ban tarar da kowa ba, na juyo. Amma tun da ka zo, Yallaɓai, ka yi mana alƙalanci. Ɗan fansho da yawon buɗe ido? Muna kukan dawa ta gagare mu, shi ya kwashi mata zuwa kallon ruwa! In kwamiti suka ji, ai cewa za su yi mun ƙoshi."

Wani tsoho daga baya ya ce, "Haba Malam, guminsa ne fa. Don mutum ya tsufa sai ya zauna jiran likkafani?"

Nan musu ya kaure, kowa da bakinsa. Sufeto ya bar su. Zargi yake da shi, ba shaida, ga ƙarfe ɗaya ta gota. Ya koma gidan Sulemanu, ya sa Saje ya bincika kewayen gidan, shi kuma ya yi ta kai da kawowa a bakin titi har takalminsa ya yi fari.

Wajen biyu da rabi Saje Hussaini ya ɓullo daga gonar masarar da ke bayan gidan Sulemanu, wandonsa duk ƙarangiya, riƙe da gwangwanin. Komai na ciki: katin fansho, takardar aure, har da fas ɗin.

Sulemanu ya fizge shi yana godiya ga Allah, sai kuma ya sulale ya zauna a ƙasa.

"An huda shi, Yallaɓai. Huda biyu, zuwa da dawowa. A ƙa'idar jirgi mun je mun dawo ke nan."

Abin ya sosa wa Sufeto rai. Amma wane irin ɓarawo ne wannan? Mai mugunta yaga takarda yake yi, ko ya cinna mata wuta. Ya ɗaga fas ɗin ya saita rana. Hudar ba ta ƙusa ba ce. Tauraro ne ɗan mitsitsi, ƙafarsa ɗaya a guntule.

Shugaban tasha, Mista Marcellinus, kallo ɗaya ya yi mata.

"Kowane mai duba tikiti da shaidar abin hudarsa, don a san wanda ya yi aiki. Wannan gurgun tauraron na daɗe ina ganinsa. Ranar da mai shi ya yi ritaya ya ce mana ya ɓata."

"Wane ne?"

Marcellinus ya nuna gindin mangwaro da haɓa, daidai inda Maitama yake tsaye.

Uku da rabi ta yi. Sufeto bai yi wata doguwar magana ba, aljihun kwat ɗin Maitama na hagu kawai ya nuna, wanda nauyi ya rinjayar. Saje ya zaro ɗan ƙarfen huda tikiti. Sufeto ya ɓalle shafi daga littafinsa ya matsa, ƙyas! Ga tauraro, ga guntulalliyar ƙafa.

Tsofaffin nan suka zuba wa Maitama ido.

Maitama ya sunkuyar da kai. "Ni ne. Na roƙe shi ya bari sai kwamiti sun tafi, ya ƙi. Ashana na shiga masarar da ita, har na ƙyasta, hannuna ya ƙi. Shekara talatin ban taɓa lalata takardar jirgi ba. Ba a yaga ta, ba a ƙona ta, huda ta ake yi."

Saje ya miƙa hannu. "Kawo fas ɗin, Baba, shaida ce, sai an gama shari'a."

"Kai, Saje!" Sufeto ya daka masa tsawa. "Ƙarfen nan da shafin nan sun ishi alƙali." Ya juya ga Marcellinus, wanda tuni ya zaro biro. Marcellinus ya rubuta a bayan fas ɗin cewa hudar ba ta aiki ba ce, ya sa hannu, ya buga hatimi.

Jirgi ya yi kuka daga wajen Gusau. Sulemanu ya riƙo hannun Mairamu, ƙunshinta a ka. Da suka zo daidai inda Saje yake riƙe da Maitama, sai ta ja ta tsaya, ta ƙanƙance ido tana neman fuskarsa.

"Malam, kai da ka yi shekaru kana bin jirgi har Ikko, gaya mini, yaya tekun yake? Kada in je in rasa inda zan duba."

Maitama ya kawar da kai.

"Ban sani ba, Mairamu. In mun isa Ikko, ban taɓa fita daga tasha ba."

Saje ya ja hannun kwat ɗinsa, suka nufi caji ofis.