Layin Da Ya Ƙi Goguwa

Gajere ba gajere ba ne. Sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakin aikinsa. Amma an haife shi bayan wansa da ake kira Dogo, sai mutanen gida suka ga ai dole a samu Gajere, sunan kuwa ya bi shi har furfura ta fito masa a gemu. Wata bakwai ke nan da rasuwar Dogo, kuma babu wanda ya yi tunanin sauya wa ƙanen suna.

Ranar da abin ya fara, yammaci ne irin na kullum. Matarsa tana kicin tana fama da tukunya. Inna, mahaifiyarsu, tana kan tabarma a tsakar gida tana jan carbi. 'Yarsa mai shekara goma sha huɗu, wadda Inna ke kira Takwara saboda sunansu ɗaya, tana kwashe shanya kafin rana ta faɗi. Shi kuwa yana ɗakin bayan gida, inda shi da wansa suka shekara bakwai suna rubuta manhajar da ƙananan asibitoci ke tsara layin marasa lafiya da ita.

Masu wannan sana'a ba sa ajiye aiki kara zube. Wuri uku gare su a cikin kwamfuta, kuma Dogo ne ya raɗa musu sunayen da 'yan'uwan ke kiransu da su. Akwai teburi, wato fayilolin da hannu ke taɓawa yanzu. Akwai zaure, inda mutum ke ajiye gyaran da ya yi niyyar tabbatarwa. Sai rumbu, inda gyara ke shiga ya zama tarihi, da sunan wanda ya yi shi da ranar. Kafin a tura abu rumbu, akan ba da umarnin kwatanta teburi da zaure. Abin da ke teburi amma babu shi a zaure yakan fito kore. In babu bambanci, allon ya yi shiru.

Ƙungiyar asibitocin ce ta aiko cewa za ta karrama wanda ya yi manhajar, kuma za ta ɗauki suna daga fayil ɗin masu aiki, wanda ke bayyana duk lokacin da aka buɗe ta. Layi biyu ne a ciki, na Dogo a sama, na Gajere a ƙasa. A nan ne zuciyar Gajere ta tafasa, kuma in za a faɗi gaskiya, ba a banza ba. Shekara ɗaya tak Dogo ya yi aikin da lafiyarsa. Sauran shidan Gajere ne ya rushe ya sake ginawa, yana yi yana kai wansa asibiti, yana ɗaga shi yana kwantarwa. Ko layi ɗaya na rubutun Dogo bai rage a cikin manhajar ba sai sunansa. Duk da haka kowa “manhajar Dogo” yake cewa, har masu zuwa gaisuwar rasuwa suna tambayar wa zai iya riƙe ta yanzu, shi yana zaune a gabansu.

Ya goge layin sama. Ya tura gyaran zaure. Ya kwatanta, allon ya yi shiru. Saura ya tura rumbu, amma yatsansa ya yi nauyi, sai ya ce bari ya yi salla ya dawo.

Da ya dawo, duhun magariba ya riga ya cika ɗakin, allon ne kawai ke haske. Hannunsa ya sake ba da umarnin kwatantawa don sabo. Layi ɗaya ya fito, kore shar. Sunan Dogo ya dawo teburi.

Bai tsorata ba, haushi ya ji. Ya zaci shi ne ya yi kuskure, ya sake gogewa, ya kai hannu zai tura rumbu. A daidai lokacin dutse ya faɗo kan kwanon ɗakin, wani ya biyo, wani ya sake biyowa, a hankali, kamar mai jifan ba ya gaggawa. Sai ya ji ihun matarsa. Ya fito ya tarar da Takwara a ƙasa, kayan shanya sun watse, idanunta a buɗe suna kallon ƙofar ɗakin aikinsa. Yatsunta goma suna bugun siminti kamar mai rubutu a kwamfuta.

Haka aka shiga kwanaki masu nauyi. Da rana yarinyar takan kwanta lamo, ba ci ba magana. Rana na yin ja sai gidan ya yi tsit, ko kajin maƙwabta ba a ji, sannan duwatsu su fara sauka, yatsunta su kama bugu har fatar ta sale. Wani lokaci a ji ana gyaran murya a ɗakin aiki alhali a kulle yake. Matarsa ta kai ta asibiti, aka auna komai aka ce lafiyarta ƙalau. Ta fita ta yi wa 'ya'yan maƙwabta tas a kan jifa, har ta ɓata da matar da suka shekara goma suna aron juna dutsen guga. Ta zargi kanta da zubar da ruwan zafi a makwarara ba bisimilla, ta zauna ta yi kuka.

Gajere yana ganin duk wannan, ya ɓoye abin da ya sani. Kowace magariba yakan shiga ɗakin ya kwatanta, ya ga koren layin, ya goge shi da ƙarfi kamar zai fasa madannan. Ya sauya kalmar sirri. Ya cire kwamfutar daga intanet. Ya kulle ƙofa ya sa makullin a aljihu. Layin bai fasa dawowa ba. Abin da ya lura da shi, kuma ya ƙara hura masa wuta, shi ne ba a taɓa taɓa zaure ba, gogewar tana nan yadda ya ajiye ta. Bai sake gwada turawa rumbu ba, don ya ga abin da gwajin farko ya jawo. Bai kuma janye ta ba, don a ganinsa janyewa na nufin Dogo ya sake cinye shi, wannan karon daga kabari. Yakan gaya wa kansa cewa ciwon yarinya daban, aikin kwamfuta daban, kuma ya san ƙarya yake yi.

A rana ta tara matarsa ba ta nemi izininsa ba, ta aika aka kira malamin ruƙiya. Dattijo ne siriri mai tabarau, ba shi da yawan fara'a. Ya iso bayan la'asar, ya dubi hannayen yarinyar da aka naɗe da bandeji, ya tambayi inda take kallo in abin ya tashi. Aka nuna masa ɗakin aiki. Ya ce a buɗe, a shimfiɗa ta a ciki, kowa ya shigo. Gajere ya ce ɗakin sana'a ne, akwai kayan mutane. Malam ya dube shi ta saman tabarau har sai da Gajere ya ciro makullin.

Malam ya fara karatu rana na gangarawa. Ya daɗe yana yi, murya ba hawa ba sauka. Dutse na farko ya faɗo, bai ɗaga kai ba. Can sai yarinyar ta tashi zaune cak, wata murya mai kauri, ta tsoho, ta fito daga ƙaramin maƙogwaronta, tana cewa a daina ƙona shi.

Malam ya tambaye shi ko shi wane ne, da abin da ya kawo shi. Muryar ta ce shi mazaunin wurin ne tun kafin a kafa tubalin gidan. Ya ce Dogo bai taɓa shiga ɗakin nan ba sallama ba, ko da babu kowa a ciki, kuma shi yana tsaye a bayan Dogo ranar da ya rubuta layin sunansa. Ya ce shekara bakwai suna aiki a ɗakin, bai taɓa cutar da kowa ba a gidan.

“To yau ka cutar,” in ji Malam, ransa a ɓace. “Dubi hannun yarinyar nan. Me ta yi maka?”

“Ita ba ta yi ba. Tambayi ubanta abin da ya ajiye a zaure.”

Matar ta juyo ta dubi mijinta. Inna ma ta dube shi. Malam ya ce shi bai san wani zaure ba, amma ga alama mai gida ya sani, don haka ya kunna na'urarsa ya nuna wa mutane. Gajere ya kunna, ya ba da umarnin kwatantawa. Koren layin ya haska fuskokinsu. Inna ba ta karatun boko, ta ce a karanta mata. Matar ce ta karanta, sannan ta nemi a gaya mata ma'anar koren, shi kuma ya yi bayani da bakinsa, don babu wanda zai yi masa.

Yana gamawa abin da ya shekara yana haɗiyewa ya ɓalle. Ya miƙe yana faɗa da 'yarsa da ba 'yarsa ba. Ya ce shekara shida shi ya yi aikin, shi ya yi jinya, shi ya yi wankan gawa, kuma ko sunan kansa ba shi da shi a gidan nan sai wanda aka yanko daga tsawon wani. Ya ce in aljanin yana da ƙarfi haka, me ya hana shi shiga zauren ya gyara da kansa ya ƙyale masa yarinya?

“Teburi na hannu ne, ina iya taɓawa,” muryar ta ce. “Zaure niyyarka ce. Ba ni da iko a kanta, kai ka sa, kai za ka cire.”

Daga nan aljanin ya fara ciniki. Ya ce zai fita in an goge sunan Gajere aka bar na Dogo shi kaɗai, horon wanda ya ci amanar mamaci. Malam ya daka masa tsawa, ya ce ba a naɗa shi alƙali a gidan nan ba, kuma wanda ya shiga jikin yarinya ya sale mata yatsu ba shi da bakin maganar amana. Ya ci gaba da karatu har muryar ta koma gurnani. Sai aljanin ya sauko, ya ce a bar layi biyun yadda suke, a kuma bar masa ɗakin. Malam ya ce layi biyu dai, in mai gida ya yarda, amma ɗaki babu, zai bar yarinyar ya bar gidan, kuma ya yi rantsuwa ba zai dawo ba. Muryar ta ce ta yarda, in ta gani da idonta.

Kowa ya zuba wa Gajere ido. Har a lokacin sai da ya tsaya, abin kunya, na ɗan wani lokaci da matarsa ba za ta taɓa mantawa ba. Sannan ya janye gogewar daga zaure, ya sake kwatantawa. Allon ya yi shiru. Muryar ta yi rantsuwar da aka nema, ta yi sallama ga ɗakin, ba ga mutanen ciki ba. Takwara ta yi atishawa sau uku ta sulale jikin uwarta, ta ce da muryarta ta gaskiya, a disashe, hannunta na ciwo.

Uwar ta ɗauke ta, duk girmanta, ta fita da ita. Malam ya sa takalmansa, ya faɗi abin da za a riƙa karantawa safe da yamma, ya tafi ba tare da ya yi wa mai gida doguwar sallama ba. Aka bar Gajere da Inna.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon allon da ba ta iya karantawa. Da ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce saura kwana biyu Dogo ya cika, ya riƙe hannunta a gadon asibiti ya ce ta gaya wa Gajere ya cire sunansa, aikin ba nasa ba ne, na ƙanensa ne tun tuni.

“Ni ce na ƙi faɗa maka,” ta ce. “In kun buɗe abin nan ina gane na sama nasa ne, ban so ya ɓace mini ba. Na ce in ka zo ka tambaye ni zan faɗa. Ba ka zo ba, Gajere, ka zaɓi ka sace abin da aka riga aka ba ka. Ni da kai duka mun cuci yarinyar nan.”

Ta dafa bango ta miƙe, ta ce yanzu sai ya cire in yana so, mai sunan ya yafe. Ya kasa kallon allon, balle ya taɓa shi. Ya tashi ya bi tsakar gida, yana taka duwatsun da suka zubo daga kwano, har ƙofar ɗakin da aka kwantar da Takwara. Yana jin tana tari a ciki. Ya ce yana so ya ga hannunta.

Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta matsa ba.

“Baban Takwara, tun ranar farko ka sani?”

Ya ce eh.

“Kwana tara,” ta ce, “a kan layi ɗaya.”

Ta rufe ƙofar, ya ji ta murza makulli.